Ido ɗaya na biya kafin in koyi jiran itace

Akwai wani ɓarin akushi da na rataye a ƙusa, daidai saman injina na juya itace. Duk baƙon da ya shigo wurin aikina sai ya tambayi dalilin ajiye fasasshen abu a tsakiyar kaya masu kyau. Da can nakan yi murmushi in kawar da zancen. Yanzu nakan zare tabarau in nuna masa idona na hagu, in ce masa a nan ɗaya ɓarin ya sauka.

Shekara shida ke nan, kuma ban taɓa ba da labarin daga farko har ƙarshe ba, sai guntu-guntu, shi ma in an matsa mini. Abin da ya zaunar da ni na rubuta shi, makon jiya wani matashi ya turo mini bidiyonsa yana juya wani ƙaton gungume a inji, fuska a buɗe, ya tsaya ƙyam a gaban itacen, yana neman in yaba masa. Daren nan ban runtsa ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tun ina yaro wutar ciki gare ni. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce ko wata tara ban iya jira ba, don bakwaini ta haife ni. In aka ba ni iri na shuka, kwana biyu na tone shi in ga ko ya fara tsiro. Kuma halin bai taɓa cutar da ni ba sai ma rana da ya yi mini. A makaranta ni nake fara miƙa takarda. A ofishin da na yi shekara 16 ina lissafin kaya, saurin nan ne ya jawo mini ƙarin girma har sau uku. Ba wanda ya taɓa ce mini aibi ne.

Ina da shekara 41 aka rage ma'aikata, sunana na ciki. Ga mata, ga 'ya'ya uku. Mutane suna zaton rashin albashi ne ya fi cin rai. Ni safiya ce ta fi ci mini rai. Gari ya waye, kowa na hanzarin fita, yara na neman takalman makaranta, ni kuwa ba inda ake jirana. Mutumin da ya saba gudu, aka ce masa zauna. Barci ya ƙaurace mini, na koma kwana da waya a hannu.

A irin wannan daren na ci karo da bidiyon wani mutum yana fitar da akushi daga gungume a injin juya itace. Ga wanda bai taɓa gani ba: masassaƙi shi ke sarar itace da gizago, itacen na zaune. A nan kuwa itacen ne ke gudu. Inji ya riƙe shi yana juya shi kamar katantanwa, kai kuma kana riƙe da dogon cizal mai kwari a tsakiya, ka ɗora shi a kan wani ƙarfe da ake jingina shi, ka kai bakinsa a hankali. Sai ka ga sassaƙe na fita dogo-dogo kamar zare yana tsallake kafaɗar mutum, gungumen da ba shi da fasali yana komawa da'ira a gaban idonka. Na kalli bidiyon ya fi sau ashirin. Minti 12 ne tsawonsa. Abin da ban lura da shi ba, tsakanin minti na biyar da na shida an yanke wata takwas. Mutumin ya ma rubuta a ƙasan hoton, ni ne dai nake jan bidiyon gaba in kai wurin da ake shafa mai.

Na haɗa ɗan abin da aka sallame ni da shi da rancen da na karɓa wurin yayan matata, na sayi tsohon inji na hannu. Gudu huɗu gare shi, kuma ba maɓalli ake murɗawa ba, buɗe murfi ake yi a ɗaga bel daga wannan tsagi zuwa wancan. Ku riƙe zancen bel ɗin nan.

Watannin farko sun yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na koyi abin da kowane sabon shiga yake koya da hannunsa: ka fara kafa cizal a majingininsa, ka bar gadon bayan bakin ya shafi itacen, sannan ka ɗaga mariƙin kaɗan har kaifin ya fara ci. In ka tsallake ɗaya, ƙarfen ya cafke, ka ji bam, zuciyarka ta faɗi, ga wani tsagi a jikin aikin. Na huda gindin akushi ya fi biyar, suka koma mazurari. Amma ina kwana da gajiya, ina tashi da abin yi. 'Yan ƙananan da na fara sayarwa ba wanda ya dawo da su, sai na ɗauka na iya. Ashe guntayen busasshen katako ne da kafintoci suka zubar nake amfani da su, itacen ne ya rufa mini asiri.

Hotunan da nake sawa a Facebook ne suka jawo wata mata da za ta buɗe gidan abinci. Manyan akusa 40 take so, cikin mako biyar. Ban ko ƙirga ba na ce an gama. Ta ba da rabin kuɗi. A daidai lokacin iska ta kayar da wata tsohuwar bishiyar mangwaro, mai ita ya ce in kwashe. Na ce lallai Allah ya dube ni.

Ɗanyen itace daɗin yanka gare shi, kamar kana feƙe sabulu. Ruwa har feshi yake yi ya ja layi a bango da gaban rigata. Ina fitar da uku a rana, wani lokaci huɗu. Na bar cibiyar itacen a jikin da yawa daga cikinsu don kada in yi asarar faɗi. Na sirantar da baki don ya yi kyau a hoto, na bar gindi da kauri don tsoron hudawa. Na shanya su a rana su yi saurin shan iska, na shafe su da mai, na kai. Ranar matar har hoto ta ɗauka da ni.

Kwana goma ta kira. Ta ce ma'aikatanta sun yi zaton ɓera ne a ɗakin ajiya, don da daddare sai su riƙa jin ƙas, ƙas. Akusa ne ke tsagewa. Da na je na ƙirga 27 sun dare, wasu tun daga baki har gindi, ka sa yatsa ya shige. Sauran sun karkace, in ka ajiye a tebur sai su yi ta rawa. Ba ta zage ni ba. Ta ce kawai, "Malam, na ɗauka ka san aikinka." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A nan ne ya kamata in tsaya. Ya kamata in ce mata na yi kuskure, in nemi lokaci in biya ta a hankali. Amma wanda aka kora daga aiki bai cika shekara ba, kunya ta biyu ba ta haɗiyuwa. Na roƙi mako biyu in canza mata. Na ci gaba da feƙe ragowar mangwaron, ina kuma neman busasshen itace ko'ina. Na samu wani gungume da ya daɗe a yashe, da tsaga a gefe guda. Na cusa masa gam da garin katako, na ce ya kama.

Daren da abin ya faru, wajen ƙarfe ɗaya, matata ta leƙo ta ce, "Baban yara, don Allah ka bari sai da safe. Idonka ya yi ja." Na ce mata saura ɗaya. Da yammacin ranar na yi wasu 'yan ƙananan mariƙan murfi, na mai da bel kan gudun zagaye 1,800 a minti, wanda ya dace da ƙaramin abu. Ban mayar ba. Na ɗaura gungume mai faɗin inci 14. Garkuwar fuskata ta kwarzane, kuma zufa na sa ta yin hazo, tun kwana uku na rataye ta a ƙusa. Ƙusar nan ce dai da ɓarin akushin yake a yau. Na tsaya a gaban itacen na danna maɓalli.

Na tuna injin ya yi wani gurnani, ƙafafunsa na dukan ƙasa. Na tuna na miƙa hannu zan kashe. Zafi kam ban tuna ba. Abin da na tuna na gaba, ina kwance, bakina cike da gishiri-gishiri, injin na ta gudu shi kaɗai da rabin itace a jikinsa, matata na kiran sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun kafin mu haihu.

Ƙashin kuncina ya karye, ƙwayar idon ta fashe. An yi mini aiki sau biyu. Likitocin sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma babbansu bai yaudare ni ba, ya ce gani a wannan idon ya tafi, yanzu aikinmu tsare na daman. Ya rubuta mini tabarau mai gilashin roba da ba ya fashewa, ya ce in sa shi ko shara zan yi.

Ba wanda ya shirya ni ga abin da ido ɗaya ke nufi. Na ɗauka rabin duniya ne zai yi duhu. A'a, duniya na nan, sai dai ta baje kamar hoto a bango. Ido biyu ne ke gaya wa mutum nisan abu da kusancinsa. Sai in zuba ruwa a gefen kofi. A miƙo mini hannu in kama iska. Matakala ta zama abokiyar gaba. 'Yar autata ta zo ta gefen hagu ta rungume ni ban gan ta ba, na zabura na ture ta ta faɗi. Ranar na shiga ɗaki na kulle, na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Na daina karɓar masu dubiya. Duk wanda ya ce ƙaddara ce sai in ji kamar in shaƙe shi, ba don ban yarda da ƙaddara ba, sai don na san hannun wa ya rataye garkuwar nan a ƙusa. Na riƙa yi wa matata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai daga baya na ji cewa 'yan kunnenta da keken ɗinkinta ta sayar ta mayar wa matar nan mai gidan abinci kuɗinta, ta kuma hana kowa ya gaya mini. Yayanta kuwa ko sau ɗaya bai ambaci bashinsa ba. In ya zo sai ya ce, "Ka dai samu lafiya tukuna." Wannan kirkin nasa ya fi mini nauyi fiye da a ce takarda ya aiko. Ƙarar fanka in ta fara juyawa, ko injin markaɗe a maƙwabta, sai tafin hannuna ya jiƙe. Wata bakwai ɗakin aikin yana kulle, ko ta ƙofarsa ba na bi.

Da na yanke shawarar sayar da injin in rage bashi, wanda ya zo gani wani dattijo ne, zai haura 70. Ya yi sama da shekara 40 yana juya ƙafafun tebur da sandunan bene da akusa, yana nema wa jikansa inji. Na ba shi makulli na tsaya daga waje. Shiru, shiru, bai fito ba. Can na ji yana ƙwanƙwasa wani abu da yatsa. Ya kira ni.

A lungu, ƙarƙashin tarin sassaƙe da ban share ba, ya tono akusa 11 na mangwaron nan. Waɗanda na feƙe sama-sama ne a kwanakin ƙarshe, na bar su da kauri fiye da inci, da niyyar in dawo in gama su washegari.

Ya ce, "Yaro, wa ya koya maka wannan?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Waɗanda ban samu gamawa ba ne."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To su kaɗai ka yi daidai."

Takwas daga ciki ba tsaga ko ɗaya. Sun yi sauƙi a hannu, sun ɗan miƙe kamar ƙwai, in ka buga sai su amsa da ƙara tas. Uku da suka fashe, duka masu cibiya ne. Ya zauna a kan gungume ya ɗauki tsintsiya ya nuna mini. Ya ce itace haka yake, damin tsinke ne, ruwa ta bakin tsinken yake fita, ba ta gefe ba. Akushi kuma wuri biyu yake da bakin tsinke, suna kallon juna. Wajen nan ya riga ko'ina bushewa, ya tsuke, sauran jikin bai shirya ba, sai a ja a ja, a yage. Baki siriri ya bushe cikin kwana uku, gindi mai kauri na nan jiƙe: yagewa. Rana ta buga waje, ciki na nan: yagewa. Cibiya kuwa, ya ce, ita ce uwar tsaga, duk inda ka bar ta daga nan za ta faro.

Daga baya, da yake ni mai son lamba ne, na bi na karanta. Sabon yankakken itace, wani kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ruwan da ke kwance a ramukan jijiyoyi shi ke fara fita, kuma a lokacin itace ba ya motsi. Sai danshi ya sauka ƙasa da wajen kashi 30 cikin 100 sannan ya fara tsukewa. Kuma ba daidai yake tsukewa ba: ta tsawo kusan babu, ta kewayen zoben shekaru kuwa kusan ninki biyu na yadda yake yi daga cibiya zuwa ɓawo. Shi ya sa da'ira ke komawa ƙwai. Maganin da masu sana'ar suka daɗe da sani shi ne juyi biyu. A feƙe ɗanye a bar kaurin bango kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗin akushin, kauri ɗaya daga baki har gindi. A shafa kaki a wuraren bakin tsinke, a sa a jakar takarda ko cikin sassaƙensa, a inuwa, inda iska ba ta kaɗawa. A bar shi wata shida, ko shekara. In ya gama karkacewar da zai yi, a mayar da shi inji a fitar da da'ira daga cikin kaurin da aka bari. Wato abin da na kasa yi da hankalina, jinya ce ta yi mini shi, ƙofa a kulle.

Dattijon ya ƙi sayen injin. Ya ce ba zai sayi kaya a hannun mai tsoro ba, don mai tsoro ba ya sanin abin da yake sayarwa. In kunna shi sau ɗaya a gabansa, in har bayan nan ina son rabuwa da shi, ya saya. Na ce ba zan iya ba. Ya ce to zai dawo jibi. Ya dawo. Zuwa na uku ne na yarda ya kunna, ba komai a jiki, ni ina bakin ƙofa na riƙe ƙyaure. Mako biyu muka yi a haka, inji na gudu fayau, mu muna hira. Ban san me ya gani a jikina da ya ɓata wannan lokacin ba. Da na tambaye shi sai ya nuna mini babban yatsansa na hagu da ba ya lanƙwasuwa, bai ce komai ba.

Da muka fara sa itace, ya kafa mini dokoki, kuma yana sa ni in faɗe su da baki kamar ɗan makaranta. Buɗe murfi ka ga bel da idonka. Juya itacen da hannu zagaye ɗaya ka tabbata bai taɓa komai ba. Matso da ƙarfen baya ya tokare shi, kada ka janye sai dole. Sauke garkuwa, da tabarau a ciki. Tsaya a gefe, ba a layin itacen ba, sannan ka kunna, a gudu mafi ƙanƙanta. Itace mai tsaga kuwa na murhu ne, ko da na zinariya ne. Ya ɗauki wani cizal nawa mai faɗin baki da siririn gindi, wanda na fi so don yana cin itace da yawa, ya jefa shi a akwati. Ya ce na ƙafar tebur ne, a kan akushi gindinsa karyewa yake yi.

Akwai wani lissafi da masu juya akushi ke yawo da shi: ka ninka faɗin itacen a inci da gudun inji a minti, amsar ta tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Ranar da na fara ganinsa na ɗauki fensir. Inci 14 sau 1,800 ya ba ni 25,200. Gudun da ya dace da wannan gungumen bai wuce 600 da 'yan kai ba, shi ma in lafiyayye ne. Na ci gaba: gefen itacen yana tafiya kilomita 120 a awa. Ƙarfin da ke neman wargaza shi kuma ba ninki uku ya ƙaru ba, ninki tara ne, don in gudu ya ninka uku ƙarfin uku sau uku yake yi. Gam da garin katako na sa su riƙe wannan. Shekara 16 ina lissafin kayan wasu, lissafin da bai kai minti ɗaya ba na kasa yi wa fuskata. Na daɗe zaune a ƙasa da takardar a hannu.

Komawa aiki da ido ɗaya wani karatu ne daban. Ba na iya ganin tazarar bakin cizal da itace, balle zurfin cikin akushi. Baba ya sa na ajiye fitila a gefe, ƙasa-ƙasa, don inuwar ƙarfen ta gaya mini lokacin da zai taɓa. Kafin in fara kwarfe ciki nakan huda rami a tsakiya daidai zurfin da nake so, in na kai ƙarshensa na san na iso. Ma'aunin kauri ba ya barin aljihuna. Amma abin da ya fi komai, ya koya mini kunne da yatsa. Ya kashe inji, ya ce in rufe idon da ya rage, in bi bangon akushin da babban yatsa a ciki, manuni a waje. Tudun da ido biyu ba sa gani, yatsa na jin sa. Ƙarar yanka ma canzawa take yi: bango mai kauri muryarsa ƙasa take, in ya fara sirancewa sai ta hau, in ta koma kamar kuka to ka tsaya. Tsaga ɓoyayya kuwa tana da nata sautin, wani tik, tik a kowane zagaye. Sau huɗu na kashe inji saboda wannan sautin, sau uku na samu tsagar.

A watannin da ba na iya komai sai karatu da ido guda na san cewa sana'ar ta girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba. A wani kabari a Masar, na wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai zanen mutum biyu, ɗaya na jan igiya yana juya itace, ɗaya na riƙe da ƙarfe. A Ingila an yi wani mutum, George Lailey, da ya yi ta fitar da akusa a injin da ake takawa da ƙafa har zuwa rasuwarsa a 1958, injin nasa yana gidan tarihi a garin Reading. Nakan yi tunanin irin wannan injin. Ba ya iya wuce ƙarfin mai shi. In ka gaji ya gaji, in barci ya kama ka ya tsaya. Nawa kuwa ƙarfe ɗaya na dare da ƙarfe tara na safe duk ɗaya ne a wurinsa.

Wani abin da ban sani ba sai da na ji rauni: ƙurar ma ba a bar ta a baya ba. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji, musamman a hanci. Da can ina goge samfefa ba komai a fuskata, in fyace hanci ya fito da launin itacen da na yi aiki da shi, in yi dariya. Yanzu takunkumi mai tace ƙura nake sawa, kuma in cizal ya wasu da kyau, aikin samfefar ma kaɗan ne.

Akusa takwas ɗin nan su na fara gamawa, wata biyu suka ɗauke ni. Na kai wa matar nan mai gidan abinci. Ta karɓa, ta juya ɗaya a hannu, ta kalli fuskata ta kawar da kai, ta yi mini sannu. Ba ta sake sayen komai a wurina ba, kuma ban ga laifinta ba. Bashin yayan matata shekara uku na yi ina biya. Keken ɗinki na saya mata wani, 'yan kunnen kuwa ta ce irinsu ba ya samuwa, in bar zancen.

Yanzu rabin ɗakin aikina kantoci ne, akusa sun kusa 200 a kai, kowanne da ranar da aka feƙe shi da nauyinsa a rubuce da fensir a gindi. Farkon kowane wata nakan ɗora su a sikeli. Wanda nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya sau biyu a jere, ya isa komawa inji. In mai saye ya ce 30 yake so cikin mako uku, nakan nuna masa kanta in ce ga abin da ya bushe, sauran sai baɗi. Wasu su jira, da yawa su tafi.

Baba ya rasu shekara biyu da suka wuce. Jikansa ya kawo mini cizal ɗinsa guda, wanda wasi ya cinye har ya koma kamar tsawon yatsa, ya ce shi ya ce a ba ni.

Kada wani ya ɗauka na warke daga halina. Watan jiya na kama hannuna a kan maɓalli ban buɗe murfin bel ba, don ana jirana a waje. Bel ɗin yana daidai, amma sai da na zauna na sha ruwa kafin gwiwoyina su daina rawa. Har yau in wani ya zo ta hagu ba sallama sai na zabura, yarana sun saba zagayowa ta dama.

Matashin nan mai bidiyo na kira shi washegari. Na tambaye shi faɗin gungumen da gudun injin, bai san na biyun ba. Na ce ina garkuwarsa, ya ce, "Wallahi Yaya zafi take sa ni, kuma ai Allah ne ke tsarewa." Na ce haka ne. Da muka ajiye waya na buɗe wani hoto da matata ta ɗauka kwana biyu bayan aikin farko, wanda ko 'ya'yana ban taɓa bari sun gani ba, na tura masa. Alama ta nuna ya buɗe tun ranar Talata. Har yanzu bai ce komai ba.